Daga dajin Kenya zuwa Maraɗi: kallon namun dawa da doguwar hanyar gida

Kalmar nan “safari” da kamfanonin yawon buɗe ido ke rubutawa da manyan baƙaƙe a ƙofar ofisoshinsu, kunnen Bahaushe ya san ta tun da daɗewa. Asalinta Larabci ne, daga “safar”, watau tafiya. Sawahilawan gabashin Afirka suka ara, Ingilishi suka karɓa daga bakinsu, suka baza ta duniya. Mu ma muna da tamu, safara, irin wadda fatake ke yi a dā da jakuna, su kai kanwa Gwanja su komo da goro. Amma mai safara riba yake fita nema, shi kuwa mai safari yakan fita ya zubar da kuɗinsa don ya ga dabba, ya komo da hotuna. Shi ya sa har kwanan baya ɗan kasuwar ƙasarmu ke ɗaukar abin a matsayin wautar Nasaru.

Jama'a masu karatu, ga shi yau an fara samun namu a cikin wannan sha'ani. Wani Alhaji ɗan kasuwar Maraɗi, mai shigo da kaya daga Dubai da ƙasar Sin, ya kwashi maiɗakinsa da ƴaƴansu huɗu a babban hutun lakwal na watan Agusta 2024, suka tafi Kenya kallon namun dawa. Ya ba mu labarin tafiyar daki-daki, bisa sharaɗin kada a ambaci sunansa, don a cewarsa abokan kasuwa za su ce ya fara almubazzaranci. Shekara da shekaru yana ratsa filin jirgin Adis Ababa, yana ganin hotunan zaki da giwa a bango bai taɓa ɗaga kai ba. Babban ɗansa, ɗan lise, shi ya matsa masa, bayan ya yi masa alkawarin tukwici in ya ci jarrabawa.

Ƙasar da dabba ke ciyar da mutum

Shirin bai yi wuya ba: fasfo, da takardar rigakafin shawara, da izinin shiga wanda Kenya ta fara bayarwa ta intanet a watan Janairu 2024. (A 2025 ta ɗauke ma mafi yawan ƴan Afirka wannan sharaɗi.) Abin da ba su shirya masa ba shi ne sanyi. Nairobi na kan tudu mai tsayin sama da mita 1,700, kuma Yuli da Agusta su ne hunturunsu. Mutanen da suka baro damina da gumi, washegari sai ga su a kasuwa suna cinikin rigunan sanyi.

Daga Nairobi zuwa gandun Masai Mara tafiyar awa biyar zuwa shida ce a mota. Hanya takan gangara cikin wani ƙaton kwari da ya tsaga gabashin Afirka, ta ratsa garin Narok, sannan ta shiga ƙasar Masai, makiyaya masu jan mayafi da sanda, waɗanda duk wanda ya san Fulanin Dakoro zai ga kamar ya taɓa ganinsu. An kafa gandun a 1961, faɗinsa kilomita murabba'i kusan 1,500, kuma ci gaban dajin Serengeti ne na Tanzaniya. Dabbobin ba su san da iyaka ba.

A bakin ƙofa Alhaji ya fara lissafi. A wannan lokaci na shekara, baƙo babba yana biyan dalar Amurka 200 a yini guda, watau sama da jikka 100 na sefa, kuɗin shiga kawai, ban da mota, ban da masauki, ban da abinci. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙanƙantar albashi a Nijar, jikka 42, sai ya haɗa fiye da wata biyu kafin ya tsallaka wannan ƙofa sau ɗaya. Duk da haka motoci jere suke tun da asuba, cike da mutanen Amurka da Turai da Indiya da Sin. Alhaji ya ce a nan ne ya gane cewa kasuwa ya shigo, kuma hajarta ba ta ƙarewa, don mai saye kallo kawai yake yi ya bar ta inda take.

Abin da ke jawo jama'a a wannan wata shi ne ƙaurar wata dabba da Sawahilawa ke ce ma nyumbu, mai kama da kanki, da gemu da ƙahon sa. Sun fi miliyon ɗaya, tare da jakunan dawa da bareyi. Suna bin ruwan sama da ɗanyar ciyawa kamar yadda makiyayanmu ke hawa arewa da damina. Daga Yuli zuwa Oktoba suna cikin Mara, sannan su juya kudu. A tsakani akwai kogin Mara, cike da kadoji. Garke yakan taru a gaɓa, ya yi ta kai da komo, wani lokaci awa uku, har ɗaya ya yi ƙundunbala ya faɗa, sauran su bi shi da ƙura da kururuwa. Iyalin sun yi jira tun hantsi har azahar kafin su ga ƙetarawa guda. Doka ta hana sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe, don haka sai da direba ya kai su gindin wani icce a fili fetal, ya duba gabas da yamma, kafin Alhaji ya shimfiɗa darduma.

Sun ga zaki kwance kusa da mushen da ya ci ya rage, sun ga ɓauna, da dorina, da giwaye da ƴaƴansu, da gyado mai gudu da wutsiya a tsaye. Karkanda ne bai yarda sun gan shi ba. Amma abin da ya fi tsaya ma Hajiya a rai da dare ya faru. Suna kwance cikin tanti sai ta ji wani kuka daga nesa, ta tashi zaune, ta ce ma yara wannan kura ce. Rabonta da jin wannan murya tun tana yarinya a ƙauyensu, lokacin da ake shigar da awaki cikin gida tun magariba. Yaran kuwa sun sha jin kura a tatsuniya, Gizo na yi mata wayo, sun san ana ce ma maciyin amana kura da fatar akuya, amma ko sau ɗaya ba su taɓa jin kukanta ba, balle su gan ta. Sai da aka kai su wata ƙasa, a kan kuɗin da zai gina ɗaki, suka ji abin da uwarsu ta girma tana ji kyauta a bayan danga.

Kenya ba da gangan ta tsinci wannan arziki ba. Ta haramta farautar manyan namun dawa tun 1977. A 1989 shugaba Daniel arap Moi ya cinna ma tan 12 na hauren giwa wuta a bainar jama'a, a 2016 kuma shugaba Uhuru Kenyatta ya ƙone tan 105, don a nuna ma duniya cewa giwa mai rai ta fi matacciya tsada. A 2024 baƙin da suka shiga ƙasar sun haura miliyon 2. A kewayen Mara, akwai Masai masu filaye da suka ba da hayar ƙasarsu ga masu masaukai, ana biyansu wata-wata, ƴaƴansu kuma su ne direbobi da ƴan jagora. Kada dai a ɗauka babu tsaiko. Zaki na kashe shanu, makiyayi na ramawa da guba. Wurin kiwo na ƙuntata. Kuma Alhaji ya ga motoci sun fi ashirin sun yi ma damisa guda zobe, kowane direba na neman ya faranta ma wanda ya ɗauko. Dabbar ta rasa ta inda za ta fita. Inda kuɗi ya yi yawa, haɗama na nan kusa.

Komawa gida

Tafiya kwana biyu ta ɗauke su, komowa ta ci kusan mako. Yini guda daga Mara zuwa Nairobi. Daga nan jirgi na awa biyu zuwa Adis Ababa, inda suka raba dare a kan kujeru, cikin sanyin da ya fi na Nairobi, yara na barci kan jakunkuna. Filin jirgin nan ya zama zangon fataken zamani: a kusurwa guda za ka ji Hausar Kano, da ta Damagaram, da ta Kumasi, kowa da ƙunshinsa. Tun da jiragen Air France suka daina sauka Yamai a watan Agusta 2023, matafiyin Nijar ya ƙara dogara ga irin waɗannan zanguna, Adis Ababa da Istambul da Kazablanka da Lome. Da safe suka hau jirgi na biyu, sama da awa biyar suna ƙetare Afirka daga gabas zuwa yamma, suka mai da agogo baya da awa biyu, suka sauka filin jirgin Diori Hamani.

A nan suka iske labarin da bai kai musu Kenya ba. Daminar 2024 ta zo da ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba, kuma a Sorey, ƴan kilomita kaɗan gabas da Yamai, ruwa ya hau kan babbar hanya ya yanke ta. Hanyar nan kuwa ita ce jijiyar ƙasa: Dosso, Tawa, Maraɗi, Damagaram, Difa, duk ta nan ake bi. Manyan motoci suka yi jerin gwano gefe da gefe, masu gaggawa suna ƙetarawa da kwalekwale su nemi wata mota a wancan haye. Mutum da mata da yara huɗu da akwatuna takwas ba ya shiga wannan kasada. Suka sauka gidan ƙanen Hajiya, ma'aikacin gwamnati mai ɗaki biyu da falo, suka yi kwana huɗu suna jiran a gyara hanya. Mutumin da ya ratsa kilomita dubbai a sama cikin yini guda, kwalbati ɗaya ya tsayar da shi.

Ranar da hanya ta buɗe suka kama kar ɗin asuba. Saboda jinkirin Sorey, rana ta riga ta fito sa'ad da suka hau tudun Kure, kilomita 60 daga Yamai. Autar gidan ce, wadda ke zaune jikin taga, ta fara ganinsu: raƙuman dawa uku tsaye cikin sabara da geza, bai fi jifa biyu daga kwalta ba, ga wani manomi can gefe yana noman gero bai ko dube su ba. Ta tambayi babanta ko har yanzu Kenya suke. Direba bai rage gudu ba. Shi kullum yana ganinsu.

Abin da ke bakin hanya

Ya kamata mu tsaya kaɗan inda direba bai tsaya ba, don waɗannan dabbobi babu irinsu ko'ina a duniya. Raƙumin dawa na Kenya da iyalin suka gani a Mara yana da duhun zane mai tsage-tsage kamar ganye. Namu fari-fari ne, zanensa ja mai haske, ƙafafunsa kusan farare. Shi ne raƙumin dawan Afirka ta Yamma, wanda a dā ke yawo tun daga kogin Senegal har tafkin Cadi. Kakanninmu na can nesa sun san shi: a Dabus, arewa da Agadas, akwai hotonsa sassaƙe a jikin dutse, tsayinsa ya haura mita biyar, an yi shi shekaru dubbai da suka wuce. Farauta da sarar daji da fari suka share shi daga ƙasa bayan ƙasa. Ragowar da ke yankin Ayoru suka gangaro kudu bayan farin shekarun 1970 da 1980, suka zauna tsakanin tudun Kure da Dallol Boso. A 1996 aka ƙirga su, aka sami 49. A cikin shekarar nan ma, hukumomin lokacin sun sa an kama wasu don a yi kyauta da su ga shugabannin ƙasashe maƙwabta, wasu suka mutu a hannun masu kamun. Da an ƙara irin wannan kyauta sau biyu, da yau sai a hoto.

Daga 49 suka haura 600 a 2018, har masu kula da halittu na duniya suka sassauta matsayinsu a jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Wannan aiki a ƙasarmu aka yi shi, kuma ba cikin gandu mai shinge ba. Dabbobin na zaune tsakanin ƙauyukan Zabarmawa da rugagen Fulani. Da damina suna kan tudu, da rani su gangara dallol su ci ganyen gawo, iccen da ke tohuwa lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Suna shiga gona su ci wake, suna miƙa wuya su tsinke mangwaro, manomi na gani ya haƙura. An sayi haƙurinsa da ƴan abubuwa: rijiya, bashin sana'a ga mata, aikin jagora ga samari, da dokar 1998 wadda ta tsara farauta da kare namun daji. A ganinmu talakan Kure ya fi cancantar lambar yabo bisa kan manyan da ke zuwa yanke ƙyalle.

Sai ranar 9 ga Agusta 2020. Ƴan bindiga a kan babura suka tare wata mota a dajin Kure, suka kashe mutum takwas: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban ƙungiyar ƴan jagora na wurin, dukansu biyu ƴan ƙasa. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa. Samarin da suka san kowace dabba da zanenta, waɗanda ke hawa kan mota su hango kai a bayan itatuwa, suka koma zaman jira a bakin hanya. Dabbobin ba su daina cin wake ba, amma kuɗin da ke sanyaya zuciyar mai waken ya ragu ƙwarai. Ga masu sarar icce na kai ma Yamai makamashi, suna aske tudun kaɗan-kaɗan. Ga manyan motoci da kan banke dabba da dare.

Labarin gandun W ya fi wannan ɗaci. An kafa shi a 1954, ya samo sunansa daga yadda kogin Isa ke lanƙwasa a wurin kamar wannan harafi, ɓangaren Nijar hekta 220,000 ne, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Shi da gandayen Arli na Burkina Faso da Penjari na Benin su ne mafaka mafi girma da ta rage ma giwa da ɓauna a yammacin Afirka. Wani ƙidaya da aka buga a 2014 ya nuna zakunan wannan yanki namu duka ba su wuce 400 da ƴan kai ba, kuma mafi yawansu a can suke. Tsofaffin ma'aikata na tuna lokacin da ake tashi Yamai ranar Asabar, a bi ta Say da Tamu, kilomita 150, a kwana Tapowa, a ga giwaye na shan ruwa da la'asar. Yau ƴan bindiga sun yi sansani a dajin, ma'aikatan gandun daji sun rasa rayuka, kuma babu uban da zai kai ƴaƴansa can. Yaron Yamai da ke son ganin zaki sai ya je gidan tarihi na Bubu Hama ya leƙa shi cikin keji.

Wani zai ce, ƙasar da ke fama da tsaro da tsadar hatsi ina ta ga ta raƙumin dawa? Tambaya ce mai nauyi. Amma ɗan kasuwa ya san darajar hajar da babu mai irinta, ma'aikaci kuma ya san cewa dajin da hukuma ta janye daga cikinsa ba ya zama kango, wani ne ke shiga. Inda mai gadin daji ya bari, a nan mai bindiga ke kafa bukka. Sannan akwai laifinmu mu ƴan ƙasa: shekara ashirin da wani abu ƙofar Kure na buɗe, kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba, amma galibin masu zuwa Nasaru ne da ma'aikatan ofisoshin jakadanci. Mun bar abin a hannun baƙi, da baƙi suka tafi sai ya zauna babu mai shi. Alhaji da kansa ya ƙirga, ya ce ya ratsa Kure fiye da sau ɗari, bai taɓa cewa direba ya tsaya ba.

Ragowar hanyar kowa ya san ta. Birnin Gaure, Dosso, Dogon Dutsi da duwatsunta, bariyoyin jandarma inda kowa ke sauka ya nuna katin ɗan ƙasa, sallar azahar a Ƙonni, hayaƙin siminti a Malbaza, buhunan albasa a Galmi, kilishin Madawa wanda babu mai wucewa bai saya ba. Ruwa ya ci gefen kwalta a wurare da dama, kar na tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai. Kilomita 660 suka cinye yini cur. Sai bayan isha'i suka ga fitilun Tsibiri, sannan Maraɗi. Tsarabar da aka raba washegari ganyen shayin Kenya ne, da jan mayafin Masai wanda kakar yaran ta ce zai yi kyau da shimfiɗar gado.

Abin da iyalin ba su sani ba sai daga baya shi ne, akwai raƙuman dawa a cikin jaharsu. A watan Nuwamba 2018 an kama takwas a yankin Kure, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su tsaye cikin babbar mota, aka sake su a gandun Gadabeji, arewa da Dakoro, inda irinsu suka ɓace tun shekarun 1970. An ƙara huɗu a 2022, kuma sun fara haihuwa a can. Gandun ya kasance tun 1955, UNESCO ta amince da shi a 2017, makiyaya Fulani da Buzaye na cikin masu sa ido a kan dabbobin. Daga Maraɗi kwalta na kaiwa Dakoro. Daga nan sai rairayi, sai mota mai ƙarfi da direban da ya san hanya, kuma dole a nemi izinin ma'aikatan gandun daji, a tambayi halin tsaro kafin a tashi. Babban ɗan Alhaji ya riga ya je ofishinsu sau biyu yana tambaya, an ce masa ya dawo bayan kaka, in hanya ta bushe.